Hidimar Bakin Ƙofa: Aikin Masu Tarya a Ikkilisiya

Idan dattawan ikkilisiya suka zauna rabon ayyuka a farkon shekara, akan daɗe ana shawara a kan wanda zai riƙe kuɗi, da wanda zai koyar a makarantar Lahadi, da wanda zai shugabanci mawaƙa. Sai an kusa addu'ar rufewa wani ya tuna ba a sa kowa a bakin ƙofa ba. Nan take a ambaci samari uku ko huɗu waɗanda ba su da muryar waƙa, ba su kuma saba tsayawa gaban jama'a ba, a ce su riƙa nuna wa mutane wurin zama. Ranar Lahadi a ba su ɗan ƙyalle su rataya a kafaɗa, shi ke nan an gama koyarwa.

Waɗannan su ne muke kira masu tarya. A wasu wurare ana ce musu masu maraba, a birane kuwa sunan Turanci ya bi baki, ana cewa osha. Duk wanda ya zo sujada da su yake fara saduwa. Kafin ya ji waƙa, kafin a buɗe Littafi Mai Tsarki, an riga an dube shi, an gaishe shi ko an ƙi gaishe shi, an kuma nuna masa inda ya dace da shi. Daga nan yake gane abin da ikkilisiyar ta ɗauke shi. Mai tarya kuwa ba daga kansa yake yin abin da yake yi ba. Yana kallon fuskar fasto da ta dattawa, ya san abin da ke faranta musu rai da abin da zai jawo masa faɗa. Shi ya sa muka sa wannan darasi a littafin ma'aikata maimakon mu bar shi ga shugaban matasa.

Matsaran ƙofa a Tsohon Alkawari

Surorin da suka yi maganar matsaran ƙofa suna cikin waɗanda masu karatu kan tsallake, saboda sunaye sun yi yawa. Amma akwai abin koyo a ciki. A 1 Tarihi 23, sa'ad da Dawuda ya ƙidaya Lawiyawa 38,000, ya ware 4,000 domin tsaron ƙofofi, ya ware 4,000 kuma domin yabo da kayan kiɗa. Adadin ɗaya ne. Sura ta 9 ta ba da lissafin matsaran ƙofa 212, ta ce Dawuda da Sama'ila ne suka kafa wannan aiki na amana. Ana tsaro a kusurwa huɗu. 'Yan'uwansu da ke ƙauyuka sukan zo su yi kwana bakwai bakwai su koma. Manyansu huɗu su ne ke lura da ɗakuna da baitulmalin ɗakin Allah, a kewayen ɗakin suke kwana, mabuɗi yana hannunsu, su ne ke buɗewa kowace safiya. Kayan aikin sujada ma akan ƙirga su in za a fito da su, a sāke ƙirgawa in za a mayar.

A sura ta 26 an jefa kuri'a domin raba ƙofofin, babba da ƙarami duk hanya ɗaya aka bi. Wanda ƙofar arewa ta faɗo wa, Zakariya, an shaide shi da cewa mai ba da shawara ne mai hikima. Mu lura da wannan: mutumin da ake zuwa wurinsa neman shawara shi aka tsayar a ƙofa. Nauyin aikin ya ƙara fitowa a ranar baƙin ciki. Da Babilawa suka ci Urushalima a shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu, mutanen da aka kama aka kai Ribla aka kashe sun haɗa da babban firist, da mataimakinsa, da matsaran ƙofa uku (2 Sarakuna 25:18-21). Abokan gāba sun san su wane ne ginshiƙan Haikali.

Akwai kuma labarin zuriyar Kora. Kora Balawe ne wanda hidimar da aka ba shi ba ta ishe shi ba, ya nemi matsayin firist, ya hallaka (Littafin Ƙidaya 16). Amma 'ya'yansa ba su mutu ba (26:11), kuma daga cikin zuriyarsa aka sami matsaran ƙofa (1 Tarihi 9:19). Zabura ta 84 tana ɗauke da sunan 'ya'yan Kora, a cikinta ne kuma mawaƙin ya zaɓi tsayawa a bakin ƙofar ɗakin Allah a kan zaman daɗi tare da mugaye. Kakan ya raina ƙaramin aiki, jikokin suka mai da shi abin waƙa. Fasto da ke neman nassin da zai yi wa masu tarya wa'azi a ranar keɓe su, ga shi nan.

Abin da gicciye ya sauya

Sai dai kada mu ɗauko aikin matsaran Haikali ɗungum mu ɗora wa masu taryarmu. Babban aikin waɗancan shi ne hanawa. Yehoyada ya sa su a ƙofofi domin kada marar tsarki ya shiga (2 Tarihi 23:19). A zamanin Yesu akwai ɗan shinge na dutse da ya raba farfajiyar Al'ummai da ta ciki, da gargaɗi a rubuce cewa duk baƙon da ya ƙetare, alhakin mutuwarsa yana wuyansa. An gano ɗaya daga cikin duwatsun nan a Urushalima a 1871, yana ajiye a gidan tarihi a Istambul. A kan wannan doka ce aka kama Bulus, aka zarge shi da shigar da Tarofimas mutumin Afisa, aka ja shi waje, aka rufe ƙofofin (Ayyukan Manzanni 21:27-30). Daga baya, a wasiƙar Afisawa 2:14, aka yi maganar katangar da Almasihu ya rushe a jikinsa. Masana da yawa suna ganin wancan shinge ne hoton da ke bayan maganar.

Tsarkin Allah bai ragu ba. Abin da ya sauya shi ne hanyar kusantarsa. Jinin Yesu ne ke tsarkake mai shigowa, ba binciken mai ƙofa ba. Saboda haka a Sabon Alkawari, kusan duk inda muka ga wani ya tare hanyar zuwa wurin Yesu, tsawatawa yake sha. Almajirai sun kori iyayen da suka kawo yara, Yesu ya ji haushi ƙwarai (Markus 10:13-16). A cikin wannan sura kuma taro ya tsawata wa makaho Bartimawas ya yi shiru. Da Yesu ya tsaya ya ce a kira shi, bakunan da suka hana shi su ne suka koma suna ƙarfafa shi ya tashi. Mutum ɗaya yana iya zama ɗaya daga cikin biyun nan a Lahadi guda, ya danganta da muryar da yake saurara.

Tsari kuwa bai tashi ba. Yesu da kansa ya sa almajirai su zaunar da mutum dubu biyar ƙungiya ƙungiya, ɗari ɗari da hamsin hamsin, kafin a raba gurasa (Markus 6:39-40). Bulus ya bukaci Korantiyawa su yi kome bisa tsari, kuma dalilin da ya bayar ya shafi baƙo ne: idan wanda bai ba da gaskiya ba ya shigo, me zai gani, me zai ce? (1 Korantiyawa 14:23-25, 40).

Ikkilisiyar farko ta ɗauki aikin da muhimmanci har ta mai da shi muƙami. A wata wasiƙa ta shekara ta 251, Karniliyas, bishop na Roma, ya lissafa ma'aikatan ikkilisiyarsa: dattawa 46, dikinoni 7, da sauransu, ya ambaci matsaran ƙofa a cikin rukunin mutum 52. Lokacin tsanani ne, kuma wanda ke ƙofa shi ne zai bambanta ɗan'uwa da ɗan leƙen asiri. Cocin Katolika ta riƙe wannan muƙami a matsayin matakin farko na hanyar zama firist har 1972.

Wa zai zauna a ina

Nan ne gwajin yake. Yakubu 2:1-9 shi ne wuri ɗaya a Sabon Alkawari da ya nuna mana aikin zaunar da mutane a taron masu bi kai tsaye, kuma misalin zunubi ne. Mutum biyu sun shigo, ɗaya da zoben zinariya da tufafi masu tsada, ɗaya da tsummoki. An kai na farko wuri mai kyau, an ce wa na biyu ya tsaya can ko ya zauna a ƙasa. Yakubu bai kira wannan rashin ladabi ba. Ya ce masu yin haka sun zama alƙalai masu mugun tunani, sun kuma karya doka. Ya fara maganar da ambaton Ubangijin ɗaukaka, domin a wurin da ɗaukakar Yesu take, ɗaukakar zobe ba ta da wurin tsayawa.

A nan wani zai ce, to ina al'adarmu? Mu mutane ne masu girmama na gaba. Ba a zaunar da hakimi a ƙasa yaro yana kan kujera. Littafi Mai Tsarki ma ya umarce mu mu tashi wa mai furfura (Littafin Firistoci 19:32), mu ba mai girma girmansa (Romawa 13:7). Wannan gaskiya ne, kuma ba mu koyar da rashin kunya da sunan bishara. Amma mu dubi yadda abin yake faruwa a aikace. Ranar godiyar kaka ce, majami'a ta cika. Wata tsohuwa gwauruwa ta zo tun kafin a kaɗa ƙararrawa, ta zauna a gaba saboda kunnenta ya yi nauyi. Ana tsakiyar wa'azi sai motoci suka tsaya, wani ɗan siyasa ya iso da mutanensa, an kuma san zai yi alkawarin buhunan siminti. Mai tarya ya dubi mumbari, ya ga fasto ya ɗaga gira, sai ya sunkuya ya ce, "Mama, ki yi haƙuri ki ɗan koma baya." A wannan lissafi furfura ba ta sami girma ba. Aljihu ne ya samu. Hanya mai sauƙi ta gane ko girmamawa ce ko tara: wa aka tayar, kuma me ake sa ran samu daga wanda aka zaunar?

Akwai wani littafin tsarin ikkilisiya da aka rubuta a Suriya a ƙarni na 3, ana kiransa Didaskaliya. Ya taɓo wannan matsala daidai. Ya ce idan mai muƙami a duniya ya shigo bishop yana cikin wa'azi, kada bishop ya katse maganar Allah domin ya nema masa wuri, 'yan'uwa su karɓe shi. Amma idan matalauci ne ko matalauciya, musamman tsoho, kuma babu wuri, bishop da kansa ya nema masa, ko da shi zai koma ƙasa ya zauna. A ganinmu wannan ƙa'ida ta fi yawancin abin da ake rubutawa yau hikima. Ba ta wulakanta babban mutum ba, an tarye shi, an zaunar da shi. Abin da ta hana shi ne a tsayar da sujada dominsa. Ta kuma ɗora ɗawainiyar matalauci a kan shugaba, ba a kan yaron da ke ƙofa ba.

Tarihi ya nuna abin da wurin zama ke iya jawowa. A ƙarshen ƙarni na 18, a wata majami'ar Metodis da ke Filadelfiya ta Amurka, an ware wa baƙar fata wurinsu dabam. Wata Lahadi ana cikin addu'a, wani jami'in majami'ar ya kama Absalom Jones yana durƙushe, yana jansa ya tashi daga inda yake. Jones ya roƙa a bari a gama addu'a. Da aka gama, shi da Richard Allen da sauran baƙar fata suka fice gaba ɗaya. Daga wannan fita aka sami ɗarikar da Allen ya zama bishop ɗinta na farko a 1816. Ba a kan koyarwar Triniti aka rabu ba, a kan benci ne. Mu a nan ba launin fata ke raba mu ba, amma mun san majami'un da mutanen yare ɗaya ke cika layukan gaba, 'yan gudun hijira da baƙin da suka zo cin rani suna can baya kusa da ƙofa, ba tare da kowa ya taɓa rubuta doka a kai ba.

Ya kamata kuma mu tuna inda muka fito. A ƙasar Hausa, a lokacin da ba a yarda mishan su yi wa'azi a fili a masarautu ba, asibitocin kutare ne suka zama ƙofa: Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina, Amanawa a Sakkwato, tun daga ƙarshen shekarun 1930. Masu bi da dama na farko a yankunan nan mutane ne da ba a cin abinci tare da su. Ikkilisiyar da ke da irin wannan asali ba ta da hujjar ajiye gurgu a waje saboda kekensa zai tare hanya, ko ta bar makaho yana lalube ba wanda ya ce, "Baba, kawo hannunka."

Abin da za a yi a aikace ba shi da wuya. Dattawa su yanke tun da wuri cewa ba a tayar da wanda ya riga ya zauna, sai dai domin tsoho, ko marar lafiya, ko mai ciki. Idan ana sa ran baƙi na musamman, a ware musu kujeru kaɗan kafin a fara, a kuma sa lokacin da za a sake su ga kowa. Layin gaba na masu nauyin kunne ne da masu raunin ido. Yara ma masu sujada ne, kada a riƙa korarsu daga benci kamar awaki duk sa'ad da babba ya makara.

Baƙon da ba ya so a san shi

Mun saba bayan sanarwa a ce baƙi su miƙe su faɗi sunansu da inda suka fito, a yi musu waƙar maraba. Ga ma'aikacin gwamnati da aka yi wa canjin wurin aiki, abin daɗi ne. Amma a garuruwanmu akwai mai shigowa wanda in an ji sunansa a lasifika, kafin yamma labari ya kai gidansu, yana iya rasa aure ko gādo ko abin da ya fi haka. Nikodimu da dare ya zo, Yesu bai tona shi ba. Mai tarya mai hankali yakan gane irin wannan baƙo: ya zo a makare, bai san lokacin tashi da zama ba, yana waige-waige. Sai ya gaishe shi a hankali, ya zaunar da shi inda zai iya fita ba tare da idanu sun bi shi ba, kada ya miƙa masa takardar cike suna da lambar waya, kada kuma a ɗauki hotonsa. A yau da ake watsa sujada kai tsaye a Facebook, wajibi ne masu tarya su san inda kyamara ba ta kaiwa. Bayan an tashi, sai ya sanar da fasto shi kaɗai.

Maganar tufafi ma a ƙofa take fashewa. Kowace ɗarika tana da ra'ayinta game da ɗankwali da wando, ba kuma wannan darasi ne zai warware shi ba. Abin da muke cewa shi ne, koyar da 'yan ikkilisiya aikin mumbari ne da zumuntar mata, ba aikin saurayin da ke ƙofa ba. Yarinyar da ta yi shekara biyar ba ta taka majami'a ba, yau ta yi ƙarfin hali ta zo, idan kalmar farko da ta ji ita ce "Ina ɗankwalinki?", da wuya a sāke ganinta. In dokar wurin ta nace, a ajiye 'yan gyale masu tsabta, wata uwa ce za ta miƙa mata a gefe bayan an gaisa. Haka kuma wanda ke ƙarƙashin horo. A inda ake zaunar da su a bencin baya, dattawa ne suka yanke hukuncin, sun kuma yi shi domin a maido da ɗan'uwa. Mai tarya ba shi da izinin ƙara gishiri da harara ko da ɗaga murya. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma wanda ke bencin baya ya fi kowa bukatarta.

Masu gyangyaɗi fa? A wasu majami'un ƙauye har yanzu akwai mai zagayawa da 'yar tsumagiya. Manomin da ya wuni a gona jiya da ma'aikaciyar jinya da ta kwana a bakin aiki ba masu laifi ba ne. Aftikos ya yi barci a wa'azin Bulus kansa har ya faɗo daga bene (Ayyukan Manzanni 20:9), Bulus kuwa sauka ya yi ya rungume shi. A buɗe tagogi, a taɓa kafaɗa a hankali. In rabin majami'a na barci, maganar ta koma kan mai wa'azi.

Tsaro

Da a ce muna zaune a ƙasar da ba a taɓa kai wa masu sujada hari ba, da mun tsaya a nan. Amma mun san Madalla a ranar Kirsimeti ta 2011, mun san Jos da Kano da Kaduna a 2012, mun san majami'un da aka ƙone a Damagaram da Yamai a Janairun 2015, mun san Owo a 5 ga Yuni 2022. Tun daga lokacin aka fara ajiye motoci nesa, ana duba jakunkuna, 'yan Birged suna tsaye a ƙofar shiga da na'urar bincike. Wannan ba rashin bangaskiya ba ne. Nehemiya ya yi addu'a, ya kuma sa masu tsaro (Nehemiya 4:9). Ba kuma wasa ba ne. A Lahore ta Pakistan, a 15 ga Maris 2015, wani saurayi ɗan shekara 20 mai suna Akash Bashir, wanda ya ba da kansa ga tsaron ƙofar cocinsu, ya riƙe ɗan ƙunar baƙin wake ya hana shi shiga, ya mutu a wurin. Duk faston da zai tsayar da ɗan wani a ƙofa ya san abin da yake roƙonsa.

Matsalar ita ce tsaro yana koya wa ido zargi, tarya kuwa tana bukatar sakin fuska, kuma da wuya mutum ɗaya ya riƙe biyun a lokaci guda. Shawararmu a raba aikin. Masu tsaro su tsaya a ƙofar waje, masu tarya a ƙofar majami'a, su san juna, su yi addu'a tare kafin a fara. A binciki kowa, har dattawa da iyalin fasto, mata su binciki mata. Idan ana ɗaga wa mai babbar riga hannu ya wuce, ana juye jakar mai talla, to an dawo Yakubu 2 ta ƙofar baya, an kuma bar ɓaraka, domin mai mugun nufi ma ya iya sa babbar riga. Kada kamannin mutum ko yarensa ko shigarsa su zama dalilin tsananta masa. Bafulatani mai bi da ya sha tambayoyi a ƙofar majami'arsa kowace Lahadi ya san zafin wannan. Gaisuwa ta riga bincike: "Sannu da zuwa, Baba. Ka yi haƙuri, kowa muke dubawa."

Akwai haɗarin da tsoro ya haifar wanda ba a cika magana a kai ba. Saboda tsaro an sa wa tagogi ƙarfe, an garƙame ƙofofin gefe da kwaɗo, mabuɗin yana aljihun wani da ya tafi sayen man janareta. Idan wuta ta tashi ko wani ya yi ihu, mutum ɗari biyar za su nufi ƙofa ɗaya. A Agustan 2022 gobara ta kashe mutum 41 a wata majami'a a Giza ta Masar, da yawansu yara. A Disambar 2024 mutum goma suka mutu a turmutsitsin rabon abinci a harabar wata coci a Abuja. Kowace ƙofa da aka rufe a lokacin sujada, mai mabuɗinta ya zauna kusa da ita. Kada a cika hanyoyin tsakiya da kujerun roba. Ranar rabon kayan agaji kuwa a shirya layi da hanyar fita kafin a sanar.

Baiko da ƙidaya

A yawancin wurare masu tarya ne ke riƙe kwanon baiko. Wannan ma tsohon aiki ne. A zamanin sarki Yowash, masu tsaron bakin ƙofa ne ke zuba kuɗi a akwatin da Yehoyada ya huda wa murfi, in ya cika kuwa magatakardan sarki da babban firist ne ke ƙirgawa tare (2 Sarakuna 12:9-10). Bulus ya ƙi ɗaukar gudummawar Urushalima shi kaɗai, ya tafi da waɗanda ikkilisiyoyi suka zaɓa, domin kada a sami abin zargi (2 Korantiyawa 8:18-21). Idan manzo bai yarda a bar shi shi kaɗai da jakar kuɗi ba, ba alheri muke yi wa saurayi marar aikin yi ba in muka bar shi da ita a ɗakin baya. Mutum uku su ƙirga, kada su zama 'yan gida ɗaya, a rubuta a sa hannu kafin kowa ya fita, a riƙa sauya su. Wannan kāriya ce ga mai gaskiya kafin ta zama tarko ga ɓarawo.

Inda ake fita baiko layi layi da rawa, mai tarya ne ke tayar da kowane benci. Ya nuna hanya kawai. Kada ya tsaya a kan wadda ta zauna, domin wataƙila ba ta da ko sisi, kuma ta san kowa na gani.

Su ne kuma ke ƙirga maza da mata da yara. Adadin nan yakan shiga rahoton da ake aikawa gunduma, kuma akwai jarabar a ɗan ƙara. Fasto da ya karɓi takarda ya ce "Anya ba mu fi haka ba?" ya koya wa yaronsa ƙarya a cikin ɗakin Allah. Amfanin ƙidaya mafi girma shi ne sanin wanda bai zo ba. Mai tarya da ya iya cewa, "Baba Fasto, yau mako uku ke nan ban ga mai ɗinkin nan da ke zama bakin taga ba," ya yi aikin makiyayi.

Zaɓe da koyarwa

Da manzanni suka nemi masu rabon abinci, sun ce a nemo masu kyakkyawar shaida, cike da Ruhu da hikima (Ayyukan Manzanni 6:3). Ba mu ga dalilin da zai sa ma'aunin ƙofa ya gaza na tebur ba. A haɗa matasa da manya. Dattijuwa ɗaya mai fara'a da ta san kowane gida ta fi 'yan mata shida masu anko. Anko ɗin ma a yi hattara da shi, domin in ya yi tsada ya zama shingen da ke hana talaka hidima. A sami mai jin Hausa da Turanci da yaren garin. A kuma gaya musu a fili cewa su ba dogaran fasto ba ne. Ɗaukar wa fasto jaka da ture mutane domin ya wuce aikin fada ne, ba na ikkilisiya ba.

Su ma tumaki ne. Wanda ya yi shekara uku yana tsaye a waje bai ji wa'azi ɗaya daga farko zuwa ƙarshe ba, zai bushe. Lawiyawa kwana bakwai suke yi su koma gida. A yi musu jeri, wanda ya yi aiki wannan mako ya zauna da iyalinsa mako mai zuwa, a kuma tabbata an kai wa na ƙofa Jibin Ubangiji. A keɓe su da addu'a a gaban jama'a kamar yadda ake yi wa malaman makarantar Lahadi.

Koyarwar da ta fi shiga ita ce ta gwaji. A zauna da su ranar Asabar, a kawo misalai ɗaya ɗaya: mashayi ya shigo yana surutu, mai farfaɗiya ta faɗi, jariri ya ƙi yin shiru, mai taɓin hankali ya nufi bagade, shugaban ƙaramar hukuma ya iso ana addu'a. A bar su su faɗi abin da za su yi, a gyara tare. Sa'an nan fasto ya faɗa musu da bakinsa cewa in sun bi abin da aka yanke, babban mutum ya ji haushi, shi zai amsa a taron dattawa, ba su ba.

Ga ɗalibanmu da za su fita aikin gwaji a wannan zango, muna so kowa ya roƙi faston da zai karɓe shi ya ba shi Lahadi huɗu a bakin ƙofa kafin ya hau mumbari. Ya rubuta waɗanda suka zo da wuri da inda suka zauna, waɗanda suka makara da inda aka kai su, wanda aka tayar da wanda aka tayar dominsa, da ƙofofin da ke kulle da wanda ke riƙe da mabuɗinsu. Za mu tattauna abin da kuka rubuto a makon farko bayan dawowa.